Wa ke ƙirga masu aikin makaranta a Ingila?

Duk shekara in watan Yuni ya kama, ma'aikatar ilimi ta Ingila tana fitar da rahoton yawan ma'aikatan makarantun gwamnati, jaridu su ɗauka, 'yan majalisa su yi ta jifan juna da alƙaluman, ƙungiyoyin malamai su ce kun gani ko, gwamnati ta ce a'a ai ga inda muka ƙara. A ƙidayar Nuwamba 2023 an samu malamai 468,700 idan aka auna su da ma'aunin cikakken lokaci (wato masu rabin lokaci biyu a lissafa su mutum ɗaya), mataimakan malamai 282,900, in ka zuba masu ofis da masu shara da masu kicin da sauransu lissafin ya doshi miliyan ɗaya. Mai karatu in ya ga lamba irin wannan sai ya ɗauka akwai wata babbar kwamfuta a Landan da ta san kowa da kowa. Babu ita. Ni aikina ke nan, ina sashen data na wani kansil, wato ƙaramar hukuma, a nan Ingila, kuma abin da nake so jama'a su sani shi ne waɗannan alƙaluma ana haɗa su ne a ƙananan ofisoshin makarantu, layi bayan layi, a hannun mutanen da aiki ya riga ya yi wa yawa, kuma duk abin da aka shigar a karkace a can to a karkace zai isa teburin minista.

Bari in ɗan koma baya saboda wanda bai san tsarin nan ba. Tun dokar ilimi ta 1902 aka ɗora kula da makarantu a kan kansil-kansil, su ne hukumomin ilimi na yanki, su ke ɗaukar malamai su ke biyan albashi. A 1988 wata doka ta miƙa wa makarantu kasafin kuɗinsu su riƙe da kansu, daga nan ikon kansil ya fara raguwa. A 2010 kuma aka yi dokar akademi, makarantu suka yi ta ficewa daga hannun kansil suna karɓar kuɗi kai tsaye daga gwamnatin tsakiya, yanzu sama da kashi 80 cikin 100 na makarantun sakandare akademi ne. To a wannan shekarar ta 2010 ɗin dai aka fara ƙidayar ma'aikatan makarantu a sigar da muke yi yanzu. Kafin nan fom-fom ne daban-daban, har da wani da ake kira 618g, inda kansil zai rubuta jimilla kawai, malamai kaza, gurabe kaza, shikenan. Sabon tsarin ya ce a'a, mutum ɗaya layi ɗaya, da sunansa da kwantiraginsa. Kuma ba ganin dama ba ne, dokar ilimi ta 2005 ce ta wajabta, sashe na 113 da na 114.

Ranar ƙidaya ita ce Alhamis ta farko a watan Nuwamba, ana ba da kamar sati huɗu, farkon Disamba a rufe. Kowace makaranta za ta ciro fayil daga sistem ɗin da take ajiye bayananta, wasu SIMS suke amfani da shi wasu Arbor wasu Bromcom, a ɗora a shafin ma'aikatar ilimi mai suna COLLECT. In makarantar tana ƙarƙashin kansil ce fayil ɗin yana biyowa ta wajenmu, mu duba mu amince, sannan ma'aikatar ilimi ta yi nata duban. Akademi kuwa kai tsaye suke turawa, ba ruwansu da mu, zan dawo kan wannan don yana ci min tuwo a ƙwarya.

Me ake tambaya? Suna, ranar haihuwa, lambar inshorar ƙasa, lambar malami mai lamba bakwai ga wanda yake malami, ko yana da shaidar cancantar koyarwa da hanyar da ya bi ya same ta, ƙabila, ko yana da wata nakasa, sannan kwantiragi: yaushe ya fara, yaushe zai ƙare, muƙami, ainihin aikin da yake yi, albashi, awa nawa a sati, sati nawa a shekara. Ga malamai akwai kwanakin da ba su zo aiki ba a shekarar karatun da ta wuce da dalili, da takardun karatunsu, sannan a sakandare akwai darussan da kowa ke koyarwa da awanni da aji. Har wanda ya bar aiki a cikin shekarar ana so a ga layinsa, domin ta nan ake gane yawan masu tafiya.

A takarda abin kamar da sauƙi. Matsalar tana farawa ne daga cewa bayanan mutum ɗaya ba a wuri ɗaya suke ba. Albashinsa yana sistem ɗin biyan albashi, wanda wataƙila na kansil ne wataƙila kuma makarantar ta ba wani kamfani kwangila. Jadawalin darussansa yana wani sistem. Satifiket ɗinsa yana cikin fayil a durowa tun ranar da aka ɗauke shi, ba wanda ya taɓa shigarwa a kwamfuta. Kwanakin rashin lafiyarsa wani lokaci suna wata takardar lissafi da mataimakin shugaban makaranta ke riƙewa don shirya wanda zai riƙe aji. Sai Nuwamba ta zo a ce wa mai kula da ofis, wadda a ƙaramar firamare sau da yawa ita kaɗai ce, ita ke amsa waya ita ke buɗe ƙofa ita ke bin kuɗin abincin yara ita ke kiran iyaye in yaro bai zo ba, a ce mata ta haɗa duk wannan ya zama gaskiya guda ɗaya. Kuma ku tuna wata guda kafin nan, a Oktoba, ta gama ƙidayar ɗalibai, wadda ita ce ake lissafin kuɗin makaranta da ita, saboda haka duk ƙarfinta da hankalin shugaban makaranta can suka tafi. Ƙidayar ma'aikata kuwa ba da ita ake lissafin kasafin makaranta ba, shi ya sa ake mata riƙon sakainar kashi.

Inda na fi daɗewa duk shekara shi ne akwatunan awanni, don Allah ku bi ni a hankali a nan. Akwai akwati biyu kusa da juna. Ɗaya yana tambayar awannin da mutum yake aiki a sati, ɗayan yana tambayar awannin da mai cikakken lokaci a irin wannan aikin zai yi. A raba na farko da na biyu, shi ke ba da ma'aunin cikakken lokaci. Malami mai cikakken lokaci ana sa masa awa 32.5, malamar da take zuwa kwana uku a sati awa 19.5 ke nan, a raba ya ba da 0.6, daidai. Mataimakiyar malami kuwa, a ce tana awa 30 a sati a inda cikakken lokacin ma'aikatan kansil yake awa 37, lissafinta 0.81 ne. Amma a idon makaranta wannan baiwar Allah cikakken lokaci take yi, tun da tana nan daga buɗe ƙofa har tashi, Litinin zuwa Juma'a, don haka mai shigarwa da zuciya ɗaya sai ta sa 30 a nan 30 a can, sistem ya ce 1.0 kuma ba zai yi ƙorafi ba domin ba abin da ya karya doka. Yanzu ka ɗauka makaranta tana da irinta goma, a takarda an ƙara mata kusan mutum biyu da babu su. Ka ninka da makarantun yanki guda. Sai a zauna taro a ce ai makarantun nan suna da isassun mataimaka, alhali malamar aji ta san ƙarfe uku na yi ba ta da kowa.

Haka batun makonni. Yawancin mataimakan malamai da masu kicin da masu tsaron yara lokacin cin abincin rana ana biyansu ne na lokacin zangon karatu da ɗan hutun da doka ta ba su, ba sati 52 ba. Ƙa'idar ƙidaya ta ce a rubuta ainihin kuɗin da mutum ke samu a shekara, kada a ɗaga shi zuwa na cikakken lokaci. Amma takardar ɗaukar aiki sau da yawa albashin cikakken lokaci take nunawa a sama da manyan baƙaƙe, to shi ake kwafa. Sakamakon shi ne mace mai ɗaukar ƙaramin albashi ta bayyana a data kamar tana samun abin da ba ta taɓa gani a asusunta ba. Wallahi wannan yana damuna fiye da kowane kuskure, saboda waɗannan su ne mafi ƙarancin albashi a makaranta, mafi yawansu mata ne, kuma in ana maganar ƙarin albashi ko rage ma'aikata da irin wannan data ake kafa hujja.

Ga kuma mai aiki biyu ko uku a makaranta ɗaya, abin da ya zama ruwan dare. Da safe tana kula da yaran da ake kawowa kafin a shiga aji, da hantsi mataimakiyar malami ce, da rana tana tsaron yara a wajen cin abinci. Kwantiragi uku, awanni uku, wani lokaci matakin albashi uku. In aka dunƙule su a layi ɗaya an ɓata lissafi, in aka buɗe mata suna sau uku an mayar da mutum ɗaya mutum uku. Daidai shi ne mutum ɗaya da kwantiragi uku a ƙarƙashinsa, kuma sai an zauna an bi a natse.

Shafin COLLECT yana da nasa binciken. Yana fitar da abu iri biyu, kuskure da tambaya. Kuskure dole a gyara, kamar a ce ranar ƙare kwantiragi ta riga ranar farawa. Tambaya kuwa cewa yake wannan abu bai saba faruwa ba, ku duba, in daidai ne ku rubuta bayani. Misali makaranta ba ta nuna shugaba ba, ko ba ta nuna malamin da ke jagorantar harkar yara masu buƙata ta musamman ba alhali doka ta ce kowace makaranta ta gama-gari sai da shi, ko malami ba shi da lambar malami, ko an ce duk shekara ba malami ko ɗaya da ya yi rashin lafiya. Kuma a nan ne nake saɓawa da wasu abokan aiki a wannan sana'a. Akwai masu ganin aikin kansil shi ne a ga allo ya share, ba jan gargaɗi ko ɗaya, a danna amincewa kafin ranar rufewa. Sai a koya wa makarantu jimlar da za su liƙa a akwatin bayani tambaya ta wuce. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza, in sistem ya ce makaranta mai malamai talatin ba wanda ya yi ko mura a shekara guda, amsar ba “mun duba daidai ne” ba ce, amsar ita ce a ɗaga waya a tambaya ina ake rubuta rashin zuwa aiki. Kusan kullum za ka tarar ana rubutawa, a wani wuri ne dabam da fayil ɗin bai jawo ba.

Kuma abin da ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya kunna ja. Wancan 30 da 30 ɗin ba ya kunnawa. Malamin da ya bar aiki tun Yuli amma ba a rufe kwantiraginsa ba shi ma ba ya kunnawa, yana nan zaune a fayil kamar yana aiki, ga wanda ya maye gurbinsa shi ma an shigar. Ba abin da ke kama irin wannan sai ido da sanin makarantar. Shi ya sa ni kafin in amince da fayil sai na ajiye shi kusa da na bara, in ga makarantar da ke da malamai 14 bara yanzu ta nuna 19 alhali ɗalibanta ba su ƙaru ba, sai in kira. Ba da faɗa ba. Nakan ce mu bi sunayen tare, wane yana nan, wance fa, kafin mu kai ƙarshe ita da kanta za ta ce ai wannan ta tafi tun bazara. Masu ofis ɗin nan sun san mutanensu ciki da bai, sun san wadda ta tafi haihuwa da wanda ya koma kwana uku saboda jinyar mahaifiyarsa, sistem ɗin ne kawai ba a ba su lokacin gyarawa ba.

In kansil yana tura wani ɓangare daga sistem ɗinsa na albashi makaranta kuma tana tura sauran, to akwai ƙarin aiki na haɗa layuka biyu su zama mutum ɗaya. A nan za ka ga mace ta yi aure ta canza sunan dangi a wuri ɗaya ba ta canza a ɗayan ba, ko an juya rana da wata a ranar haihuwa, ko harafi ɗaya ya kuɓuce a lambar inshora. Masu sunaye irin namu sun fi shan wannan, a rubuta sunan mutum iri biyu ko uku, ko a ɗauki sunan tsakiya a mayar da shi na dangi. Sistem zai kawo maka su ya ce kamar mutum ɗaya ne, kai za ka yanke. In ka yi gaggawa ka haɗa mutum biyu ko ka raba mutum ɗaya.

Sai mutanen da ƙidayar ba ta gani sosai. Ƙa'ida ita ce wanda yake da kwantiragin kwana 28 ko fiye shi ake buɗe wa cikakken layi. Malamin ejansi, wato wanda kamfanin samar da malaman wucin gadi ke turowa, da aka kira ya riƙe aji na kwana biyu ko sati guda, in ya dace yana makaranta ranar ƙidaya, za a ƙirga shi a matsayin kai ɗaya kawai, ba suna ba komai. In ranar Laraba ya zo bai zo Alhamis ba, babu shi. Haka masu shara da masu dafa abinci da kamfanin kwangila ya kawo, adadi kawai ake so na waɗanda suke wurin a ranar. Na fahimci dalilin, makaranta ba ta riƙe da bayanansu, ba za a ɗora mata abin da ba ta da shi ba. Amma illar ita ce duk makarantar da ta fi dogara da ejansi, wato sau da yawa wadda ta fi shan wahalar samun malamai, ita ce hotonta ya fi fitowa dishi-dishi. Kuma da yawa daga 'yan uwanmu da ke aiki a makarantun ƙasar nan ta wannan ƙofar suka shiga, shara, kicin, riƙon aji na wucin gadi, suna aikin da in babu shi makaranta ba za ta buɗe ba amma a ƙidaya lamba ce kawai a akwati.

Batun gurabe ma haka. Rahoton ya nuna guraben malamai da ba a cike ba sun tashi daga wajen 1,100 a Nuwamba 2020 zuwa 2,800 a Nuwamba 2023. Tashin gaskiya ne kuma ya isa ya tada hankali, sai dai duk wanda ya san makaranta ya san lambar ta yi ƙasa da ainihin ƙarancin. Zuwa Nuwamba shugaban makaranta ya riga ya yi dabararsa, ba zai bar yara talatin ba malami tun Satumba ba. Ya haɗa aji biyu, ya ba malamin bayoloji fiziks, ya cire wani darasi daga jadawali gaba ɗaya. Gurbin ya ɓace a takarda, ƙarancin yana nan. Inda ake kama shi shi ne sashen darussa da takardun karatu, in ka haɗa abin da malami ke koyarwa da abin da ya karanta. Shi ya sa nake naci a kan shigar da satifiket, sashen da kowa ke ƙyuya a kansa. In ba a shigar da digirin malamar lissafi ba, data za ta nuna kamar wadda ba ta karanci lissafi ba ce ke koyarwa, in kuma aka sa lambar fanni ta kusa don a huta, an rufe ƙarancin da ya kamata a gani. Da wannan data ma'aikatar ilimi ke lissafa yawan sabbin malaman da za a horar a kowane fanni da inda za a sa tallafin karatu mai tsoka. A shekarar 2023/24 rabin adadin da ake nema na masu koyon koyarwa a sakandare kawai aka samu, a fiziks kashi 17 cikin 100. Shi kansa adadin da ake nema ɗin, wani ɓangarensa daga fayilolin nan ya fito. Haka alƙawarin da jam'iyyar Leba ta yi a zaɓen 2024 na ƙarin malamai 6,500, in za a auna an cika ko ba a cika ba wannan ƙidayar za a duba.

Albashin malamai yana da tasa rigimar ta lokaci. Ƙarin albashi yana fara aiki ne daga 1 ga Satumba, kashi 6.5 a 2023, kashi 5.5 a 2024, amma kafin takardu su kammala makarantu su zauna su amince a biya bashin baya, sau da yawa ranar ƙidaya ta wuce. Sai wata makaranta ta nuna sabon albashi maƙwabciyarta ta nuna tsoho. Akwai akwatin ranar da aka yi wa mutum bitar albashi ta ƙarshe, an sa shi ne don a bambance, amma sai in an cike shi da gaskiya.

Mu ma kansil muna da namu fayil, na ma'aikatan da muke ɗauka kai tsaye suna zagaya makarantu, malaman kiɗa, malaman yara kurame da masu raunin gani, da adadin masana halayyar yara. Wannan ba shi da yawa yanzu, ya ragu sosai.

To batun akademi da na ce zan dawo. Doka har gobe tana ɗora wa kansil alhakin tabbatar da kowane yaro a yankinsa ya samu gurbin makaranta, da alhakin yara masu buƙata ta musamman, ko makarantar da suke akademi ce ko ba akademi ba. Amma bayanan ma'aikatan akademi ba sa biyowa ta hannunmu. Ma'ana in kansila mai kula da ilimi ya tambaye ni a Janairu malaman kimiyya nawa muke da su a yankin nan, amsar da ke hannuna ta 'yan tsirarun sakandaren da suka rage mana ce, sauran sai in jira Yuni a buga na ƙasa in je in ciro, wata bakwai bayan ranar ƙidaya, kuma dunƙulallen adadi ne. Ban ce a ba mu sunaye da albashin ma'aikatan da ba namu ba, ba ma buƙata. Amma jimilla ta fanni-fanni da yawan masu tafiya da guraben da aka kasa cikewa, a kan kari, wannan bai kamata ya zama sai an roƙa ba. Wasu rukunin akademi suna bayarwa da kansu in ka nema da mutunci, wasu ba sa ko amsa imel. Yaran yanki ɗaya ne, malaman ma suna tsallakawa daga wannan zuwa waccan.

Akwai amana a aikin nan da ba na wasa da ita. Fayil ɗaya yana ɗauke da albashin mutum da ƙabilarsa da nakasarsa da kwanakin da ya yi jinya. Dokar kare bayanai ta 2018 ta ce sai an sanar da ma'aikaci abin da ake tattarawa da inda za a kai, kuma ba a tura irin wannan fayil ta imel haka kawai. Ƙabila da nakasa kuma mutum ne ke faɗa da bakinsa, yana da damar cewa ba zai faɗa ba kuma akwai lambar da ake sa wa hakan. Abin da ba ya halatta shi ne mai ofis ta kalli fuska ko suna ta zaɓa masa don akwati ya cika. Ni dai ra'ayina, wanda zai iya ya faɗa, domin in ana so a nuna cewa baƙaƙen fata suna da yawa a ƙananan muƙamai suna ƙaranci a kujerar shugabancin makaranta, da wannan akwatin ake nunawa, in rabinsa ba a cike ba sai a ce babu hujja. Amma zaɓin nasa ne.

Abin da nake ta turawa a wajenmu abu biyu ne, kuma ba sa buƙatar sabon sistem. Na farko a daina mayar da aikin na Nuwamba. Ranar da aka ɗauki mutum a shigar da komai nasa har satifiket, ranar da ya tafi a rufe kwantiragi, duk ƙarshen zango a ciro fayil ɗin gwaji a duba na rabin awa. Makarantun da ke yin haka in ranar ta zo kafin azahar sun gama. Na biyu, a mayar wa makarantu da abin da suka bayar. Shekara da shekaru suna turawa sama ba abin da ke dawo musu, to ta yaya za su ɗauke shi da muhimmanci? Shafi ɗaya ya isa, a Janairu, ga ma'aikatanku a ma'aunin cikakken lokaci, ga yawan ɗalibai kan kowane malami, ga waɗanda suka tafi, ga matsakaicin makarantu masu girmanku a yankin. Duk shugaban makarantar da ya ga lambar da bai yarda da ita ba a shafinsa, da kansa zai taka ofis ya tambaya, kuma badi zai ba mai ofis ɗin yini guda ba waya ba ƙofa ta yi aikin a natse.

In kuma kana aiki a wata makarantar gwamnati a Ingila, malami ne kai ko mataimaki ko mai shara da makaranta ta ɗauka kai tsaye, kana da haƙƙi a doka ka nemi ganin bayanan da aka ajiye a kanka. Ba sai ka yi dogon turanci ba, ka je ofis a Oktoba kafin hayaniyar ta fara ka ce don Allah a buɗe maka naka ku duba tare. Ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwa da lambar inshora, ka duba awanninka da awannin cikakken lokacin da aka sa a gefensu, ka duba makonni, ka duba albashin ko shi ne wanda kake karɓa, in kana da aiki biyu ka ga ko duka biyun suna nan, in kana da digiri ko daga wace ƙasa ka kawo shi ka tambaya ko an shigar.